Yadda Za Ka Karanta Waƙoƙin Tomazh Shalamun na Sulobeniya Cikin Fassarar Ingilishi

Wanda ya iya Ingilishi amma bai san ko kalma ɗaya ta harshen Sulobeniya ba yana iya shiga waƙoƙin Tomazh Shalamun ya fito da riba mai yawa, muddin ya san ƙofar da zai bi. An haifi wannan mawaƙi a birnin Zagreb ranar 4 ga Yuli, 1941, ya rasu a Lubliyana, babban birnin Sulobeniya, ranar 27 ga Disamba, 2014, kuma a tsakanin nan ya wallafa littattafan waƙa sama da 40 cikin harshen da masu jinsa ba su wuce mutum miliyan biyu da ɗoriya ba. An fassara shi zuwa harsuna fiye da 20, amma Ingilishi ne ya fi kwasar rabo. Yawan littattafan nan shi ne matsala ta farko, domin mutum na iya sayen wanda ya fara cin karo da shi, ya buɗe ya tarar da baitocin da ba ya gane kansu balle gindinsu, ya ajiye littafin ya yanke hukunci cewa mawaƙin ba shi da abin faɗa. Ina ganin wannan asara ce babba, kuma ana iya kauce mata.

Da farko ka riƙe yadda ake rubuta sunansa a bangon littattafai, wato Tomaž Šalamun. Ƙaramar alamar da ke bisa harafin farko na sunan mahaifinsa ita ce ke sa a furta shi da sautin sha, amma shagunan littattafai na intanet da kundayen ɗakunan karatu da yawa suna zubar da alamar su rubuta Tomaz Salamun kawai. Idan ka nema da ɗaya ba ka samu ba, ka gwada ɗayan.

Kafin ka taɓa waƙa ko ɗaya, ka ba da ɗan lokaci ka san inda ya fito, domin rabin abin da ke ruɗa baƙo a cikin baitocinsa wurare ne da mutane da shi ya ɗauka kowa ya san su. Ya tashi a Koper, garin tashar jiragen ruwa a gaɓar tekun Adiriyatik, kusa da birnin Tiriyeste na Italiya, inda ake jin harshen Italiya da na Sulobeniya a titi ɗaya. Mahaifinsa likitan yara ne. Ya karanta tarihin zane-zane da sassaƙa a Jami'ar Lubliyana, ya yi aiki a gidan adana zane-zanen zamani na birnin, abin da ya sa za ka riƙa ganin sunayen masu zane da launuka da gine-gine sun cika waƙoƙinsa. A lokacin Sulobeniya jiha ce a cikin tarayyar Yugoslabiya ta gurguzu ƙarƙashin mulkin Shugaba Tito, kuma ba ta zama ƙasa mai cin gashin kanta ba sai a Yunin 1991. Abu na biyu da ya kamata ka sani shi ne matsayin da waƙa ke da shi a wajen mutanen nan. Sun yi ƙarnoni ba su da daula tasu, harshe da adabi ne suka riƙe su a matsayin al'umma ɗaya, har ta kai taken ƙasarsu baiti ne daga waƙar France Prešeren, wanda ya rayu daga 1800 zuwa 1849, kuma ranar rasuwarsa, 8 ga Fabrairu, ranar hutu ce ta ƙasa. Mawaƙi a irin wannan ƙasa yana ɗauke da nauyin da ya kusa kai na uban al'umma, ana jiran ya yi magana da natsuwa da alhini a madadin kowa. Wannan nauyi ne Shalamun ya sauke tun yana saurayi, kuma sai ka fahimci haka za ka gane dalilin da ya sa abin da ke kama da wasa a fassarar Ingilishi ya girgiza mutane a gida.

Abin ya faru ne a 1964, lokacin da yake cikin editocin mujallar Perspektive, ya buga waƙar da ake kira Duma 1964. Sunan waƙar kansa aro ne daga wata sananniyar waƙar kishin ƙasa ta Oton Župančič da ta fito a 1908, wadda a cikinta mawaƙin ya ce ya zaga ƙasarsu ya sha daɗin kyawunta. Saurayin ya ɗauki wannan ɗango da kowane ɗan makaranta ya sani, ya bar farkonsa yadda yake, ya sauya ƙarshensa ya ce ya zaga ƙasar ya kwaso gyambon ciki. Akwai kuma mushen kyanwa a cikin waƙar, sai wani jigo mai tsattsauran ra'ayi a jam'iyyar gurguzu, Ivan Maček, wanda sunansa ke nufin muzuru a harshensu, ya ɗauka da shi ake. Aka rufe mujallar, aka tsare mawaƙin kwana biyar. Mai karanta wannan waƙa da Ingilishi zai ga gyambon ciki da kyanwa, amma ba zai ji amon tsohuwar waƙar a bayansu ba, sai in wani ya gaya masa. Saboda haka ka ɗabi'antu da karanta gabatarwa da bayanin mai fassara kafin ka shiga baitoci, ko da ka saba tsallake su a wasu littattafai.

Game da littafin da za ka fara da shi, shawarata ita ce ka fara da zaɓaɓɓun waƙoƙi, kada ka fara da littafi guda na ƙarshen rayuwarsa. Akwai zaɓi uku masu kyau. Na farko shi ne The Selected Poems of Tomaž Šalamun da maɗaba'ar Ecco ta fitar a 1988, wanda mawaƙi Charles Simic ya tsara, mawaƙi Robert Hass ya yi masa gabatarwa, kuma shi ne ya fara gabatar da shi sosai ga masu karatu a Amurka. Simic haifaffen Belgired ne, ya san yanayin Yugoslabiya daga ciki, don haka zaɓinsa na mai sanin gida ne. Na biyu shi ne The Four Questions of Melancholy, wanda Christopher Merrill ya tsara, maɗaba'ar White Pine ta buga a 1997, ya fi na farkon kauri kuma ya bi littattafan mawaƙin bisa jerin fitowarsu. Na uku, wanda ya haɗa farko da ƙarshe, shi ne Kiss the Eyes of Peace, fassarar Brian Henry da maɗaba'ar Milkweed ta fitar a 2024, ya tattaro daga 1964 har zuwa 2014. Idan kuɗinka na littafi ɗaya ne kawai, ni wannan na ƙarshen zan ce ka saya, saboda hannu ɗaya ne ya fassara shi daga farko har ƙarshe, don haka duk canjin murya da ka ji a tsakanin shekaru za ka fi samun tabbacin cewa na mawaƙin ne. Wanda bai da halin saye tukuna yana iya farawa da shafukan Poetry Foundation da na Academy of American Poets, inda aka ɗora wasu waƙoƙinsa kyauta.

Idan littafin ya zo hannunka, ka karanta bisa jerin shekaru. Littafinsa na farko, Poker, ya fito a 1966, shi da kansa ya ɗauki nauyin buga shi, kuma masana adabin ƙasar suna ƙirga shi a matsayin mafarin sabon zamani a waƙar Sulobeniya. Joshua Beckman ya fassara shi tare da mawaƙin, maɗaba'ar Ugly Duckling ta Niyok ta buga a 2003.  Waƙar da ta buɗe littafin, wadda ake kira Eclipse a fassara, wato husufi, ita ce ta fi dacewa ka zauna da ita ka daɗe. Mai magana a cikinta ya bayyana cewa ya gaji da kamannin ƙabilarsa ya yi ƙaura, sannan ya shiga haɗa wa kansa sabon jiki, gaɓoɓi daga dogayen ƙusoshi, kayan ciki daga tsofaffin tsummoki. Babu abin da ke da wuyar fahimta a nan, kowace kalma a fili take, kuma idan ka riƙe wannan hoton na mutumin da ya bar gida yana ƙera kansa da abin da ya tsinta, za ka tarar yana yi maka jagora a littattafai da yawa da suka biyo baya.

Daga nan ka wuce zuwa waƙoƙin shekarun 1970, waɗanda a ganina su ne suka fi saurin kama zuciyar baƙo. A 1970 ya je Niyok tare da ƙungiyar masu fasaha ta OHO, wadda ƙanensa Andraž ma yana cikinta, suka nuna ayyukansu a wani baje koli na gidan adana fasahar zamani da ake kira MoMA. Bayan haka ya zauna a shirin marubutan duniya na Jami'ar Ayowa, ya yi cuɗanya da mawaƙan Amurka, ya sha daga salon Frank O'Hara da John Ashbery da kuma dogon numfashin Walt Whitman. A wannan zamani ne ya rubuta waƙar da ake kira History, wato tarihi, inda ya ambaci cikakken sunansa ya kira kansa dodo, ya kira kansa dunƙulen abu mai keta sararin sama, mutane suna kallonsa cikin mamaki, sannan a ƙarshe aka gan shi ya je kanti da matarsa sayen madara, aka ce zai sha madarar kuma wannan shi ne tarihi. Bahaushe ba baƙo ba ne ga mutumin da ke ambaton sunansa yana kambama kansa, domin mun san kirarin ɗan dambe da na mafarauci, kuma ina ganin wanda ya saurari wannan waƙa da kunnen da yake sauraron kirari zai riga Baturen da ke mamakin girman kan mawaƙin gane ta. Bambancin shi ne Shalamun yana ɗaga kansa sama ya kuma sauko da kansa bakin kanti a numfashi ɗaya, kuma dukkan biyun da gaske yake yinsu.

Littafin da zan so ka karanta gaba ɗayansa bayan zaɓaɓɓun waƙoƙi shi ne A Ballad for Metka Krašovec, wanda asalinsa ya fito a 1981, Michael Biggins ya fassara, maɗaba'ar Twisted Spoon ta birnin Firag ta buga a 2001. Metka Krašovec fitacciyar mai zane ce, ita ce matarsa ta biyu, kuma littafin ya taso ne daga shekarun da ya yi yana kai da komowa tsakanin Meziko da Amurka da gida. Akwai labari a ƙarƙashinsa da za ka iya bi, akwai mutane da suke dawowa daga waƙa zuwa waƙa, don haka gada ce mai kyau tsakanin sauƙin farko da wahalar da ke gaba. Sai bayan wannan ne za ka nufi littattafan ƙarshe irin su Woods and Chalices na 2008 da The Blue Tower na 2011, inda kowace jimla ke tsaye ita kaɗai, ta gaba kuma ta ɗauki wata hanya dabam ba tare da sallama ba.

A nan ne mai karatu ke buƙatar sauya yadda ya saba karatu. Wanda ya tashi da rubutacciyar waƙar Hausa ya saba da kari da amsa-amo, ya saba da jigo da mawaƙi ke warwarewa baiti bayan baiti har ya kai ga manufa. Mafi yawan waƙoƙin Shalamun ba su da amsa-amo ko a harshensu na asali, saboda haka kada ka zargi mai fassara da zubar da shi. Abin da ke riƙe da su shi ne saurin numfashi, da maimaita farkon jimla, da yadda murya ke juyawa daga umarni zuwa tambaya zuwa rarrashi. Ka karanta waƙar da murya a fili daga farko har ƙarshe ba tare da ka tsaya neman ma'anar komai ba. A karo na biyu ka lura da wanda ke magana da wanda ake yi wa magana, da inda yanayi ya canja daga murna zuwa tsoro ko daga fariya zuwa tausayi. Sai a karo na uku za ka nemi sunayen da ba ka sani ba, kuma ko a nan kada ka bi kowanne, domin wasu sunayen abokansa ne da danginsa waɗanda babu kundin da zai faɗa maka ko su wane ne, kuma waƙar ba ta jiran ka san su. Waƙa biyu ko uku sun isa a zama ɗaya. Wanda ya kwankwaɗi talatin a dare guda zai ji duk sun zama iri ɗaya, kuma wannan koke ne da wasu masu sharhi suka yi a kan littattafansa na ƙarshe, koken da ban ce ba shi da tushe ba, domin mutumin da ya rubuta waƙoƙi da yawa haka dole a samu masu rauni a ciki.

Ya dace in faɗa a fili cewa akwai baitocin da suke taɓa sha'awar jiki kai tsaye, akwai kuma waɗanda mai magana a cikinsu ke ɗora wa kansa siffofin allantaka ko ya yi wasa da alamomin addinin Kirista da ya tashi a cikin al'adarsa. Mai karatu yana da ikon tsallake abin da zuciyarsa ba ta karɓa ba, kuma malamin da ke son kai wata waƙa aji ya wajaba ya karanta ta tsaf shi kaɗai tukuna.

Yanzu sai batun masu fassara, wanda shi ne ginshiƙin wannan karatu duka. Duk waƙar da ka karanta, ka duba ƙasanta ko shafukan ƙarshen littafin ka ga sunan wanda ya fassara, ka rubuta shi a gefen littafin ajiyarka tare da shekarar da asalin ya fito. Masu fassara Shalamun kashi biyu ne. Akwai waɗanda suka san harshen Sulobeniya da kansu, kamar Michael Biggins, masanin harsunan Silabiya, wato dangin harsunan da na Sulobeniya ke ciki, a Jami'ar Washinton da ke Siyatil, da Sonja Kravanja wadda harshen nata ne na gado. Akwai kuma mawaƙan Ingilishi da suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da shi, irin su Anselm Hollo da Bob Perelman da Joshua Beckman da Matthew Rohrer, inda za ka ga an rubuta cewa marubucin da wane ne suka fassara. A irin wannan aiki mawaƙin, wanda ya iya Ingilishi, shi ke kawo ma'anar kalmomi, abokin aikin kuma ya daidaita kiɗan jimla. Kowace hanya tana da ribarta. Fassarar masanin harshe takan fi kiyaye abin da ke ƙarƙashin kalma, ta haɗin gwiwa kuma takan fi rai a baki, sai dai wani lokaci za ka ji Shalamun ya koma magana da muryar saurayin mawaƙin Amurka da suka zauna tare. Hanyar da za ka horar da kunnenka ita ce ka nemi waƙa ɗaya a fassara biyu, ka ajiye su gefe da gefe, ka bi su ɗango bayan ɗango. Inda suka yi daidai, kusan ko yaushe mawaƙin ne ke magana, inda suka rabu kuma a nan ne asalin ke da wani abu da Ingilishi bai iya ɗauka da hannu ɗaya ba. Tsofaffin waƙoƙin da suka shahara su ne suka fi samun fassara fiye da ɗaya, don haka da su za ka yi wannan gwaji.

Akwai abubuwa biyu na nahawu da Ingilishi ke haɗiyewa, kuma sanin su zai sa ka riƙa karatu da lura. Harshen Sulobeniya yana da siga ta musamman ga abu biyu, bayan tilo da jam'i, ta yadda idan mawaƙi ya ce mu, aikatau da wakilin suna suna nuna ko mutum biyu ne kawai ko taro ne. A waƙar soyayya ko ta abota wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma Ingilishi kalma ɗaya yake da ita ga duka. Na biyu, aikatau na shuɗaɗɗen lokaci a harshen yana nuna ko namiji ne ko mace, kamar yadda Hausa ke bambanta ka zo da kin zo, alhali Ingilishi ba ya bambantawa. Saboda haka waƙar da ka karanta ba ka san wanda ake kira a cikinta ba, mai yiwuwa ɗan Sulobeniya ya sani tun daga ɗangon farko.

Ka kuma nemi jin muryarsa. Shafin Lyrikline na birnin Balin yana ɗauke da sautin mawaƙa suna karanta waƙoƙinsu da harsunansu tare da fassara a gefe, kuma a YouTube akwai bidiyon tarukan da Shalamun ya yi karatu a Amurka, inda ya koyar a jami'o'i da dama, ya kuma taɓa riƙe muƙamin jami'in al'adu a ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsa a Niyok a shekarun 1990. Ko ba ka fahimci kalma ɗaya ba, za ka ji inda yake tsayawa da inda yake jan numfashi, kuma wannan zai gyara saurin da kake karanta fassarar da shi.

Idan sha'awa ta kai ka ga son sanin waɗanda ya gada da waɗanda suka gaje shi, ka nemi Srečko Kosovel, wanda ya rasu a 1926 yana ɗan shekara 22, kuma waƙoƙinsa mafi tsaurin salo ba su fito a littafi ba sai a 1967, shekara guda bayan Poker. Ka nemi Edvard Kocbek, wanda ya rasu a 1981, sannan Aleš Šteger daga cikin na baya, wanda shi ma Brian Henry ya fassara. Dukkansu ana samunsu da Ingilishi. Sulobeniya, inda aka tsare Shalamun yana saurayi, ta ba shi babbar lambarta ta adabi, lambar Prešeren, a 1999, birnin Munsta na Jamus ya ba shi lambar waƙar Turai a 2007, bikin waƙa na Struga a ƙasar da yanzu ake kira Masedoniya ta Arewa kuma ya ba shi kambin zinariya a 2009.

Wanda ya yi niyyar juya wata waƙarsa zuwa Hausa daga fassarar Ingilishi, abin da nake fatan wani zai yi, ya sani cewa Hausa za ta tilasta masa zaɓi tsakanin ka da ki a wuraren da Ingilishi ya yi shiru, don haka dole ya samo matanin asali ya duba ƙarshen aikatau, ko ya tambayi mai jin harshen, maimakon ya yi ƙiyasi. Ya kuma rubuta a fili cewa daga Ingilishi ya fassara, ya ambaci sunan mai fassarar da ya dogara da shi. Tun da mawaƙin ya rasu ne a 2014, haƙƙin mallakar ayyukansa yana nan daram a hannun magadansa da maɗaba'u, haka ma haƙƙin mai fassarar Ingilishi, saboda haka kafin a buga ko a ɗora a intanet sai an rubuta wa maɗaba'ar da ta fitar da littafin an nemi izini, kuma adireshinta yana shafin da ke bayan sunan littafin.